Rangwamen haraji ga masu gida fiye da ɗaya a Amurka

A dokar harajin Amurka, mai gida yana iya cire kuɗin ruwan bashin gidansa da harajin kadarar da ya biya daga cikin kuɗin shigarsa, kafin a lissafa abin da gwamnatin tarayya za ta karɓa. Abin da ake ragewa shi ne kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji. Wanda harajinsa ke kan kashi 24 cikin ɗari, idan ya cire dala 10,000, dala 2,400 ce ta rage masa a aljihu. Ga mai gidaje da yawa, ƙa'idar kuɗin ruwa daban ce, ta harajin kadara ma daban.

Tarihi

Rangwamen bai fara a matsayin tallafi ga masu gida ba. Lokacin da aka kafa harajin kuɗin shiga na tarayya a 1913, doka ta yarda a cire kowane irin kuɗin ruwa, na kasuwanci ne ko na buƙatar kai. A wancan zamani 'yan ƙalilan ne ke biyan wannan haraji, kuma yawanci ana ganin cewa majalisa ba ta da bashin gida a rai. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sayen gida da bashi na dogon zango ya yaɗu, harajin kuma ya kai ga ma'aikata, sannan abin ya zama gata da jama'a ke ji da shi.

A 1986, zamanin Shugaba Ronald Reagan, aka yi wa dokar haraji garambawul. Aka soke rangwamen kuɗin ruwan katin bashi da na bashin mota, aka bar na gida, amma aka taƙaita shi ga gidaje biyu: wanda mutum yake zaune a ciki da wani guda ɗaya. A 1987 aka sa iyakar dala miliyan 1 ga bashin sayen gida, da ƙarin dala 100,000 ga bashin da aka ci da jinginar gidan. Haka aka zauna shekara talatin.

Dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a Disambar 2017 ta sauke iyakar zuwa dala 750,000 ga bashin da aka ci bayan 15 ga Disamba na shekarar, tsofaffin basussuka kuma suka ci gaba da tsohuwar iyaka. Ita ce kuma ta fara ƙayyade harajin jiha da na ƙananan hukumomi da za a iya cirewa, a kan dala 10,000. Da yake dokar ta kusan ninka rangwamen bai-ɗaya da kowa ke samu ba tare da kawo rasit ba, masu bin hanyar lissafa kashe-kashensu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta nan ne ake samun rangwamen gida, sun ragu daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa wajen kashi 10. A Yulin 2025 wata doka ta mai da iyakar dala 750,000 ta dindindin.

Kuɗin ruwa

Iyakar bashin ta dala 750,000 ta haɗa gidajen biyu ne, ba kowanne da tasa ba. Misali, mai bashin dala 600,000 a kan gidan zamansa da dala 400,000 a kan gidan hutu yana da jimillar miliyan ɗaya, don haka kashi uku cikin huɗu na kuɗin ruwan zai cire. Idan ya biya dala 60,000 a shekara, 45,000 ce tasa. Mai gida uku dole ya zaɓi ɗaya a matsayin na biyu, amma yana iya sauya zaɓin kowace shekara. Ma'auratan da kowa ya cika takardarsa daban suna samun rabin iyakar.

Hukumar haraji ta IRS ba ta tsaurara ma'anar gida ba. Jirgin ruwa ko tirelar kwana ma gida ne, muddin akwai wurin kwanciya da wurin girki da banɗaki. Gidan da ke wata ƙasa shi ma yana iya zama na biyu, idan shi aka jinginar a bashin. Banki yana aiko da fom mai lamba 1098 mai nuna ruwan da aka biya, a shigar da adadin a Jadawalin A, wato sashen takardar haraji da ake lissafa kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya.

Harajin kadara

Nan babu ƙayyade yawan gidaje. Ko goma ne, ana haɗa harajinsu. Sai dai duk yana shiga ƙarƙashin iyaka ɗaya tare da harajin kuɗin shiga na jiha. Dokar 2025 ta ɗaga iyakar zuwa dala 40,000 a waccan shekarar, tare da rage ta ga mai samun fiye da dala 500,000, kuma an tsara ta koma dala 10,000 a 2030. Tun 2018 ba a cire harajin kadarar gidan zama da ke ƙasar waje.

Gidan haya

Gidan da aka bayar haya kacokan ana lissafa shi a Jadawalin E, wato sashen da ake bayyana kuɗin haya, a matsayin kasuwanci, iyakokin nan ba su shafe shi ba. Idan ana haya kuma ana zama, sai mai shi ya kwana fiye da kwana 14 a shekara, ko fiye da kashi 10 cikin ɗari na kwanakin hayar, duk wanda ya fi yawa, kafin ya zama gida na biyu. Wanda ya ba da haya ƙasa da kwana 15 ba ya bayyana kuɗin hayar kwata-kwata. Ana kiran wannan ƙa'idar Augusta, da sunan garin nan na jihar Jojiya inda mazauna ke bai wa baƙi hayar gidajensu a makon gasar golf ta Masters.

Saɓani

Masana tattalin arziki da dama na cewa masu hali ne suka fi cin moriyar rangwamen, kuma yana ƙara wa gidaje tsada. Ƙungiyoyin dillalan gidaje da magina na kare shi. Jihohin New York da New Jersey da Connecticut da Maryland sun kai ƙara kan iyakar dala 10,000 a 2018, ba su yi nasara ba. Birtaniya ta soke irin nata rangwamen a shekarar 2000.