Ƙarar "ƙas" ba kulle ba ce

Tun da makullin hannu ya shigo ɗakunan siminti a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, mutane da yawa ke ɗauka cewa da zarar an ja ƙyaure ya yi "ƙas", ɗaki ya kullu. Sai a kama hanyar gona hankali kwance, ga buhunan riɗi a ciki. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai.

Duba gefen ƙyaurenka, harsuna biyu za ka gani. Na farkon bakinsa a karkace yake, kamar an fiƙe shi ta gefe ɗaya. Da gangan aka yi hakan, don idan ya bugi ƙarfen jikin firam ya zame ya koma ciki, sannan sifirin ɗin da ke bayansa ya cillo shi cikin rami. Ƙarar da ka ji ke nan. Aikinsa ya hana iska ko akuya bankaɗe ƙofa, shi ke nan. Duk wanda ya danna hannun, ko yaro ne, ya janye shi.

Na biyun shi ne sakatar gaske. Bakinta a miƙe yake, sifirin ba ya tura ta, ba ta fita ba ta komawa sai an murɗa mabuɗi.

Da damina kuma, idan katako ya sha danshi ya kumbura, harshen yakan kauce wa raminsa. Kada ka yi saurin sayen sabon makulli, kira kafinta ya daidaita ƙyauren.