Sandar rarake rami mai haƙorin kabaid: wacce ta dace da ƙaramar makharaɗa?

Daga Mai Wurno zuwa Sinnar da Wad Madani a ƙasar Sudan, akwai 'yan'uwanmu da suka ajiye ƙaramar makharaɗa, wato injin sassaƙar ƙarfe, a zaure ko bayan shago. Wani sha'awa ce ta kai shi, wani kuma yana gyara famfon ban-ruwa na bakin kogi. Sassaƙar bayan ƙarfe ba ta cika ba su wahala ba. Inda ake shan fama shi ne cikin rami: gurbin boris, cikin fule, bushin. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa.

Usta, ga bunta, wato bakin diril, tana huda rami, me zan yi da wata sanda kuma?

Bunta huji kawai take yi. Ramin da ta bari ba ya zama da'ira sosai, yakan karkace, kuma yakan ɗara awonta. Shi kuwa boris ba ya yafe ko kashi biyu cikin ɗari na milimita. Sai ka huda da bunta ƙasa da awon da kake so, sannan ka shigar da sandar rarake ta ci bangon a hankali har ya kai. Sandar da muke magana a kanta tana da ɗan haƙorin yanka na kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, da ake ɗaurewa da noti. In kusurwa ɗaya ta dakushe ka juya ɗayar, ba sai ka je dutsen wasi ba.

Wane kauri zan ɗauka?

Mafi kaurin da zai shiga ramin ya bar wa ɓarɓashi hanyar fita. Sandar a gefe ɗaya kawai take ɗaure, sauran jikinta a iska yake, kamar reshen da tsuntsu ya sauka a ƙarshensa. In ka ninka tsawon da ta leƙo daga mariƙi, lanƙwasarta ninki 8 take yi. In kuwa kaurinta ka ninka, lanƙwasar takan ragu ninki 16. Ko tashi daga milimita 12 zuwa 16 kaɗai yana ba ka ƙarfi fiye da ninki uku.

Shi ya sa masu sana'a suka tsayar da ƙa'ida: sandar ƙarfe kada ta leƙo fiye da kaurinta sau 4. Mai milimita 16 ke nan iyakarta 64. Sandar da jikinta kabaid ne tana kai wa sau 6, domin kabaid ya fi ƙarfe tauri kusan ninki uku, amma tana da tsada, kuma in ta faɗi a siminti karyewa take yi. Akwai masu kashe karkarwa a ciki, irin Silent Tools na kamfanin Sandvik Coromant, da suke kai sau 10, sai dai wannan kayan manyan masana'antu ne. Ni dai shawarata, ukun ƙarfe sun ishi mai ƙaramin inji: 8, 12 da 16. Kuma kafin ka biya, duba mafi ƙanƙantar ramin da kowace take shiga, don ya fi kaurinta: mai 16 sai rami ya kai wajen milimita 20.

Waɗannan haruffan da ke jikin sanda, me suke nufi?

Ɗauki S16Q-SCLCR09. S ta farko tana cewa jikin ƙarfe ne. Da C ce, kabaid ne, da A ce, ƙarfe ne mai hanyar ruwan sanyaya a ciki. 16 kauri ne. Q tsawo ne, milimita 180. K 125 ce, M 150, R 200. Bayan layin, S na nufin noti ke riƙe haƙori, C siffar haƙorin ce mai kusurwa digiri 80, L na nufin bakin yana fuskantar aiki a digiri 95, abin da ke ba ka damar share gindin ramin da bai ɓulle ba. C ta biyu kusurwar ratar da ke ƙarƙashin bakin haƙori ce. R ta hannun dama ce, wadda ake amfani da ita a juyin inji na yau da kullum. 09 kuma girman haƙorin ne. Tsarin na ƙasa da ƙasa ne, don haka haƙorin Korloy na Koriya zai zauna a sandar da aka ƙera a Sin.

Wane haƙori ne ya fi?

A nan nake so a saurare ni da kyau. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kaya ba sa zuwa yadda aka saba, abin da ka gani yau a kasuwa ba lalle ka same shi gobe ba. Sanda mai kyau da ba ka da haƙorinta, ƙarfe ce kawai a akwati. Saboda haka ka zaɓi dangi ɗaya ka tsaya a kai, kuma dangin haƙori mai lambar CCMT nake ba da shawara: 060204 ga ƙananan sanduna, 09T304 ga mai 16. Su ne suka fi yawa a hannun masu sayarwa, kuma haƙorin nan ɗaya yana hawa alƙalamin sassaƙar waje, ka ga kwali ɗaya ya yi maka aiki biyu. TCMT kusurwa uku gare shi, ya fi araha a lissafi. DCMT mai digiri 55 na shiga lungu, amma bakinsa ba ya jure duka.

Lambobi biyun ƙarshe radiyos ɗin zagayen bakin haƙori ne, wato rabin faɗinsa: 04 na nufin milimita 0.4. Ƙaramin inji ya guji 08, don yana tura sandar baya. Kada kuma ka ɗauki haƙori mai fuska biyu irin CNMG, yana son inji mai nauyi da ƙarfi. Ga alminiyam ka nemi CCGT mai sheƙi da kaifi, wanda ko a ƙarfe yana yin shara ta ƙarshe mai kyau a raunannen inji. A bayan kwali akwai launi: shuɗi na ƙarfe, rawaya na ƙarfen da ba ya tsatsa, ja na zubin baƙin ƙarfe, kore na alminiyam.

Injina yana ƙugi, cikin ramin ya fito da zane-zane. Sandar ce ba ta da kyau?

Da wuya. Fara da mayar da ita cikin mariƙi, ka bar iya abin da ramin ke buƙata, kuma a kama ta da tsawon da ya kai kaurinta sau 3 ko 4. Daidaita bakin haƙori da tsakiyar aiki, ko ya ɗan ɗara sama kaɗan, don lanƙwasa ƙasa take ja. Rage gudun juyi. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ci kaɗan-kaɗan yana ƙara ƙugin: in zurfin cin bai kai rabin radiyos ɗin bakin ba, haƙorin goga yake yi, ba yanka ba. Don haka kada ka bar wa sharar ƙarshe ƙura, bar mata kamar 0.2 zuwa 0.3 a gefe. Ka kuma dinga fito da sanda kana share ɓarɓashi da buroshi bayan inji ya tsaya, ba da yatsa ba.

Ni firiza gare ni, ba makharaɗa ba. Sandar ɗaya ce?

A firiza, wato injin milin mai sassaƙar ƙarfe, sandar ce ke juyawa cikin kan rarake, aikin yana tsaye. Auna ramukan kan naka tukuna, wasu milimita 12 ne, wasu rabin inci, wato 12.7, kuma ba sa musanya. Sandunansa gajeru ne. Juya a hankali, don nauyin yana gefe ɗaya. In kan na murɗawa ne a jikin ƙotarsa, kada ka juya inji baya, kwancewa zai yi.

Na Sin masu araha fa?

Jikin sandar yawanci yana aiki. Ka zaunar da haƙori ka ɗaga wa haske: in ka hango rata a ƙarƙashinsa, ajiye ta. Notin ne ya fi saurin lalacewa, ka sayi ƙari tare da makullinsa, T8 ga ƙaramin haƙori, T15 ga 09. Kuɗinka ka zuba a haƙori, ka kuma yi hattara da jabu masu kwalin manyan kamfanoni. In ɗan'uwa zai taho daga Jidda ko Bur Sudan, rubuta masa lambar cikakkiya a takarda.