Mi ake nuhi da FND, ciwon da sikana ba ta gani?

FND (Functional Neurological Disorder da Ingilishi), ko TNF yadda likitocinmu masu Faransanci ke rubutawa cikin karne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma ba wani wuri da ya lalace, saƙon ne tsakanin kai da jiki ke rikicewa, kamar waya lafiya lau amma rezo na yankewa. Sai ka ga mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ƙafa ta mutu, ko hannu na rawa, ko magana ta ɗauke, a kai shi har babban asibitin Maradi a yi sikana a ce ba komi.

To wannan "ba komi" ɗin ita ke jawo masifa. A gida a ce iska ce ko sammu, a yi ta ruƙiyya da hayaƙi, in mace ce wasu kuma su ce ƙarya take, don kar ta koma ɗakin miji ne ko lakwal. Wallahi ba da gangan take ba. Kuma mata ya fi kamawa, wajen ninki 2 zuwa 3 na maza, shi ya sa raini ya yi yawa, a zamanin Charcot, wani likitan jijiyoyi na Paris cikin ƙarni na 19, histeriya ake kiran abin.

Dalili ba guda ba ne. Akwai wanda ya sha duka ko cin zarafi tun yana yaro, akwai mai damuwa da fargaba, wani kuma hatsarin moto ne ya tada mishi, ko tiyata, ko zazzaɓi mai tsanani, ko ciwon da ya daɗe yana cin shi, sai ƙwaƙwalwa ta saba tsammanin ƙafar nan ba ta aiki, ta ci gaba da haka ko bayan rauni ya warke. Wasu ma ba a samun komi a tarihinsu, don haka tun 2013 littafin DSM-5, wanda likitocin tunani ke bi wurin tantance ciwo, ya daina sharɗanta sai an gano tashin hankali kafin a sa sunan.

Likita na da gwajinshi. Akwai alamar Hoover: ƙafar da ta ƙi motsi, in aka ce ɗaga ɗayar, sai ta danna ƙasa da ƙarhinta. Hanyar saƙo daga kai zuwa ƙafa na nan kenan, shi ya sa kine (gashin ƙashi da motsa jiki) da zama da likitan tunani ke taimakon mutane da dama. Amma hwa a tantance tukuna, don akwai mai FND da farfaɗiya duka biyu, kar a yanke mishi magani da ka.