Kula Ba Firij Ba Ce

Assalamu alaikum iyayena mata, da 'yan'uwana masu aikin abincin biki, da ku iyayenmu maza masu ba da kuɗin cefane.

Tun da zafin bana ya kankama, da wuya Litinin ta zo ban karɓi mutanen gida ɗaya su uku ko huɗu a jere a asibiti ba, kuma duk kukansu ɗaya: amai, gudawa, murɗawar ciki. Har na daina tambayar me suka ci. Abin da nake tambaya yanzu shi ne, bikin wa aka yi jiya? Kuma kusan kullum akwai amsa. In ba ɗaurin aure ba, suna ne, ko walimar sauka, ko taron dangi da aka yi ranar Lahadi.

Kwanan baya aka shigo mini da wani yaro ɗan shekara biyu, yayan jaririyar da aka yi wa suna. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Mun daɗe muna neman jijiyar da za mu sa masa ƙarin ruwa. Kakarsa na tsaye a kaina tana ta faɗin baki ne ya kama gidan, taro ya yi kyau, mahassada sun gani. Na ce mata, Inna, ƙarfe nawa aka sauke shinkafar? Ta ce ai tun kafin kiran Assalatu aka gama, aka juye a manyan kuloli. Mata suka zo yinin suna bayan La'asar, aka ci. Abin da ya rage aka mayar da murfi aka ajiye a lungun rumfa. Washegari da safe yara suka karya da ita, ko wuta ba ta gani ba. Ku lissafa da kanku. Shinkafar nan ta haura awa 24 a rufe, a cikin wannan zafin da babba ma ba ya iya barci a ɗaki.

Ba baki ba ne, Inna. Ba kishiya ba ce ta barbaɗa wani abu. Kula ce.

Na rasa yadda aka yi muka ɗauka cewa duk abin da ya shiga kula ya tsira. Aikin kula ta riƙe zafin abinci na 'yan awoyi, daga nan zafin ya fara sauka. Duk buɗewar da aka yi, tururi ya fita, ludayi ya shiga, wani lokaci har da hannu. Kafin Azahar abincin ya koma ɗumi-ɗumi, bai yi zafin da zai ƙona baki ba, bai kuma yi sanyi ba. To wannan ɗumin shi ƙwayoyin cuta suke so, a nan suke hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Inda zafin gari ya haura digiri 32, masana harkar abinci sun rage wa'adin zuwa awa 1. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, watan Afrilu digiri 40 muke gani, wani lokaci har ya ɗara. Sannan a ɗauki kula a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano tun asuba, a ce za a ciyar da mutane da ita da magariba. Haba jama'a!

Na san abin da za ku ce, don kullum shi nake ji. "Malama, ai na shinshina, ba ta yi tsami ba." "Na ɗanɗana, lafiyarta ƙalau." Hajiya, hancinki ba ya jin wannan abin. Abincin da ya yi tsami ko ya fara yauƙi ai mai sauƙi ne, kowa zai gudu. Wanda yake kwantar da mutane shi ne wanda ƙamshinsa yana nan, launinsa yana nan, man gyaɗa na sheƙi a kansa. Shinkafa kuma ta fi kowane abinci yaudara. In ta daɗe a ɗumi akwai gubar da ke taruwa a cikinta, wadda ko an mayar da ita kan wuta ba ta mutuwa. Shi ya sa za ku ga an ɗumama dafa-dukar jiya har tana tururi, amma cikin 'yan awoyi yara sun fara sheƙa amai. Don haka kada wadda ta ce mini ai ta ɗumama. Shinkafar da ta yini ta kwana a kula, ɗumame ba ya cetonta.

Iyayenmu na da ba su yi karatun asibiti ba, amma duba yadda suke yi da miya. Kafin a kwanta sai an tafasa ta, a rufe, ba mai sake sa ludayi. Da safe a sake tafasa ta har ta yi ɓul-ɓul, a yanka tuwo a ciki ya dahu tare. Yanzu da kula ta zo sai muka yar da wannan, muka koma "a ɗan ɗumama", wato a nuna wa tukunya wuta sama-sama, gefe ya yi zafi tsakiya na nan da sanyinsa.

Wallahi ina tausaya muku, ba wai ban san wahalar ba. Na san yadda uwar biki take kwana ba ta runtsa ba. Na san kuɗin buhun shinkafa a yau, na san yadda zuciya take yi in an ce a zubar da rabin kula. Na kuma san tsoron gori, kar a ce an je gidan wance an dawo da yunwa. Wannan tsoron ne yake sa a auna abin da ya ninka yawan baƙi, a kuma girka shi duka a tashi ɗaya tun dare don a huta. Amma almubazzarancin da muke gudu a wajen awo aka yi shi, ba a wajen zubarwa ba. Idan baƙinki kashi biyu ne, na ɗaurin aure da hantsi da na yini da yamma, to girkin ma kashi biyu ne. A yi jajjage da suyar nama tun da wuri, amma shinkafar yamma a ɗora ta bayan Azahar. Alhaji, nan kai ma da naka. Ƙara kuɗin itace ko gawayi, ƙara wa masu aiki ladan zagaye na biyu. Abin da za ka ƙara bai kai kuɗin gado da ƙarin ruwa na yara uku ba, balle tashin hankalin.

Akwai wani abu da yake ci mini rai ƙwarai, kuma sai na faɗa. Abincin da ya kwana, wanda ke kanki kika fara shakkarsa, kika hana ɗanki, shi ne za ki juye wa almajiri a roba ki ce sadaka. Ki ji tsoron Allah. Yaron nan ba shi da uwar da za ta lura cewa ya zaga sau shida da dare, ba shi da mai goyo shi zuwa wajenmu. Sau da yawa sai ya galabaita abokansa suke riƙo shi. In za ki yi sadaka, yi ta tun abincin na da zafi. Da an sallami baƙi, a raba abin da ya rage nan take, maƙwabta da almajirai da masu wanke-wanke, kowa ya ci a lokacin. Kar a bari sai gobe.

Kuma ba shinkafa kaɗai ba. Haɗin salak mai mayonis da dafaffen ƙwai, a kan haɗa shi tun safe a bar shi a faranti yana jiran baƙi. Wannan sai an zo ci ake haɗa shi. Alale ba ya jure zafi. Kunun aya kowa ya san halinsa, in babu ƙanƙara ba ya yini. Ga Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa cikin zafi. Soyayyen naman da ya bushe sosai yana daɗewa, amma farfesun kayan ciki da na kai da ƙafa ba a barinsu su kwana a kula.

Masu firij, ku ma kar ku saki jiki. In an ɗauke wuta, firij ɗin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai, bayan nan ya zama akwati. Kuma tura ƙatuwar tukunya ciki ba dabara ba ce, tsakiyarta ba ta yin sanyi da wuri. A rarraba a ƙananan robobi.

Ga shi a gurguje:

- A girka kusa da lokacin ci, a zuba a kula da zafinsa, a rage yawan buɗewa.
- Kula ɗaya ludayi ɗaya, ba a sa hannu.
- A wanke kula da sabulu har murfi da lungunanta, a shanya. Kar a zuba sabo a kan tsoho.
- Mai amai ko gudawa ko ƙurji a hannu ba ta shiga aikin abinci.
- Wanke hannu da sabulu da ruwan da ake zubawa, ba kwano ɗaya kowa ya tsoma ba.
- Abin da za a ɗumama ya tafasa har tsakiya, kuma sau ɗaya.

In kuma abin ya riga ya faru, kar a ruga kemis a sayo Flagyl ko maganin tsayar da gudawa a ɗura wa yaro. Ruwan da ke fita daga jikinsa shi ne abin tsoro, shi za a fara mayarwa. A jiƙa ƙunshi ɗaya na ORS, garin nan na gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta fiya wata. In babu, a sa cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita 1. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono a ci gaba da ba shi. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, za mu nuna muku adadin da ya dace da shekarunsa.

Amma in kuka ga ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko fitsari ya ɗauke, ko jini a bayan gida, ko gudawar ta koma fara kamar ruwan wankin shinkafa, ku kawo shi ko ƙarfe nawa ne, kar ku jira gari ya waye. Haka tsoho da mai ciki, ba a jinkiri da su. Ku taho da sauran waɗanda suka ci daga kular nan, ku kuma aika wa gidajen da aka kai wa rabo kar su ci abin da ya rage.