Waiwaye: Yadda QE2 Ya Kai Shekara 39 A Teku Da Abin Da Ya Tsayar Da Shi

Tun kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, inji ne ciwon kan jirgin ruwan Queen Elizabeth 2, wanda aka fi sani da QE2. An ƙera shi a masana'antar John Brown da ke Clydebank ta Scotland, aka saka shi a ruwa ranar 20 ga Satumba 1967. A wajen gwaji sai fikafikan injin tururinsa suka karye, kamfanin Cunard, wanda aka ƙera wa jirgin, ya ce ba zai karɓa ba sai an gyara. Sai ranar 2 ga Mayu 1969 ya tashi daga Southampton zuwa New York, alhali jiragen sama sun riga sun kwashe fasinjojin hanyar.

Ya kai sojojin Birtaniya kusan 3,000 yaƙin Falklands a 1982. Amma tukwanen tururin sun tsufa, ga shan mai, ga yawan lalacewa.

Gyaran da ya ceci jirgin an yi shi ne a Bremerhaven ta Jamus, daga 1986 zuwa 1987. Aka fitar da injinan tururi kaf, aka dasa injinan dizal tara na kamfanin MAN. Ba su ne ke juya farfela kai tsaye ba. Wutar lantarki suke samarwa, wutar ta tafi ga manyan injinan lantarki biyu, kowanne da farfelarsa. Dabarar a nan take: injina bakwai sun isa jirgin ya riƙe gudunsa na yau da kullum, don haka makanikai na iya kashe biyu su duba su ana tsakiyar teku.

A Agustan 1992 ya gogi dutse kusa da tsibirin Cuttyhunk a Amurka. Babban jirgi idan yana gudu a ruwa mara zurfi, gindinsa kan ƙara nutsewa fiye da yadda yake a tsaye, kuma masu tuƙin ba su ƙiyasta hakan daidai ba.

Abin da ya gagara shi ne dokokin kariya daga gobara na yarjejeniyar SOLAS ta duniya kan kare rayuka a teku, waɗanda aka tsayar za su fara aiki a 2010. Sai an sake tsarin cikin jirgin, a cire kayan da ke saurin kama wuta, aikin da kuɗinsa ya fi ƙarfin tsohon jirgi. Ga shi kuma sabon jirgin Cunard, Queen Mary 2, ya karɓi hanyar New York tun 2004.

Cunard ya sayar da shi ga kamfanin Istithmar na Dubai a kan dala miliyan 100. Ya bar Southampton ranar 11 ga Nuwamba 2008, ya yi kusan shekara goma a ɗaure ba aiki, kafin a buɗe shi a matsayin otal a tashar Mina Rashid ta Dubai a 2018.