Ƙarfafa gwiwar mai raunin ji

Ƙarfafa gwiwar majinyaci wani ɓangare ne na kulawar da ake ba mutum bayan jinsa ya yi rauni, don ya koma shiga jama'a yana hira yana cinikinsa kamar da. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum kusan miliyan 430 ne ke buƙatar irin wannan kulawa, miliyan 34 cikinsu yara ne. Fannin ya kankama ne a ƙarshen yaƙin duniya na biyu a asibitocin sojan Amurka, inda masana ji irin su Raymond Carhart suka yi aiki da sojojin da ƙarar bam da bindiga ta lalata wa kunne.

Mutane da yawa na zaton da an maƙala na'urar taimakon ji a kunne shikenan ji ya dawo, ina! Kwanakin farko majinyaci muryarsa ma sai ya ji kamar cikin randa yake magana, ƙarar fanka da cokali da motsin leda duk su dame shi saboda ƙwaƙwalwa ta daɗe rabonta da su, sai ta yi makonni wani lokaci watanni kafin ta saba, to a nan ne wasu ke karaya su cire na'urar su jefa a durowa.

Masu aikin suna yawan jingina da bayanin masanin halayyar ɗan'adam Albert Bandura na 1977, wanda ya nuna ba abin da ke sa mutum yarda zai iya kamar ya gwada da kansa ya ga ya iya. Shi ya sa ake farawa da mai sauƙi, hira da mutum ɗaya a ɗaki shiru, sannan biyu, sannan waya, kasuwa da wajen ɗaurin aure su ne ƙarshe. Ana koya masa canza batir da goge na'urar da hannunsa, da kallon leɓen mai magana, a kuma haɗa shi da waɗanda suka riga shi sabawa. Mafi wuya dai shi ne ya daina gyaɗa kai kan abin da bai ji ba, ya iya cewa "ban ji ba, ɗan maimaita a hankali" ba kunya.

Iyali ma ana zaunar da su. A fuskance shi, fuska cikin haske, ban da ihu don ihu yana jirkita sautin ne kawai. Kuma kalmar nan "bar shi kawai, ba komai" idan ya nemi a maimaita, gaskiya ta fi komai kashe gwiwa.

A arewacin Najeriya, inda sanƙarau da ƙyanda ke barin yara da kurumta, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Wanda na'ura ba ta yi masa amfani ba kuwa, maganar hannu ake koya masa, shi da mutanen gidansu.