Gajiyar aiki da tsufa a wajen likitocin sa barci

Likitan sa barci shi ne wanda ke tsaye ta wajen kan majinyaci a ɗakin tiyata, shi ke yin allurar barci ko ta kashin baya, sannan ya tsare numfashin mutum da bugun jininsa har a ɗinke. Sana'ar ta kafu ne ran 16 ga Oktoba 1846, ranar da William Morton ya sa wani barci da sinadarin ether a Boston ta Amurka. Mutanenmu dai likitan fiɗa suka sani, shi ake bi da "Allah ya saka".

Aikin na ido da kunne ne. Wannan 'yar na'urar da ake maƙala wa majinyaci a yatsa tana ta ƙara tit tit, da oksijin ya fara sauka sai sautin ya yi ƙasa, gwani tun bai kalli allo ba ya ji. To nan tsufa ke shigowa, daga shekara 40 ido ya fara gardamar ganin abu na kusa ga rubutun kwalaben allura mitsi-mitsi kuma kwalaben kamarsu ɗaya, kunne kuma siririn sauti yake fara rasawa.

Sai kol ɗin dare, wato kiran gaggawa cikin dare, wanda shi ne ya fi cin jiki. Ƙarfe uku a kawo mai naƙuda daga ƙauye jini na zuba, a tada janareta, a yi aiki har asuba, da safe kuma ga wasu na jira. Matashi ya yi barci ya wartsake, dattijo kuwa ya daɗe jikin bai dawo ba.

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, WFSA, ta ce a samu aƙalla 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya ko kusa ba ta yi ba, ga masu ficewa waje. A jihar Kaduna ƙwararrun sun fi yawa a manyan asibitocin koyarwa irin su Barau Dikko da Shika, ƙananan asibitoci galibi nas-nas masu horon sa barci ke riƙe su.

Akwai kuma ragowar iskar sa barci ta halotan da suke shaƙa in ɗakin ba na'urar zuƙe ta, da magunguna masu kama mutum irin su fentanil da kullum ke hannunsu, wasu gajiya ta kai su ga taɓawa, abin tausayi wallahi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa gajiyar da ke ƙarar da ƙarfin ma'aikaci cikin matsalolin da aiki ke jawowa. Wasu asibitoci a ƙasashen waje kan rage wa dattawan kol ɗin dare, su bar musu aikin rana da koyar da na baya.